Hotuna Bakwai a Akwatin Gwaggo

Warin man keken ɗinki ne ya tayar mini da wannan magana. Shekaranjiya na kai gyaran riga wajen wani tela a bakin kasuwar Daura, na same shi ya kwantar da kan keken yana ɗiga masa mai da 'yar gwangwani mai dogon baki. Ina shaƙar warin sai na dafa ƙyauren shagon. Ya turo mini benci, ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Na ce masa rana ce ta buge ni. Ba rana ba ce. Ɗakin Gwaggo na tuna, da abin da na yi mata ina 'yar shekara goma. Kai da kake karanta wannan, ka yi haƙuri da ni, zan faɗa maka shi yadda ya faru, ba zan gyara kaina a ciki ba.

Gidanmu na ƙasa ne, a cikin gari, mai zaure biyu da rijiya da wata tsohuwar darbejiya a tsakar gida. Baba fataucin dabbobi yake yi. Rabin mako yana hanyar Mai'adua da ƙauyukan bakin iyaka, ya dawo rigarsa tana warin tumaki. Umma ce ke riƙe da mu. A ɗakin da ke kusa da rijiya kuma Gwaggo take, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, sai ta dawo gidan ƙanenta da akwatinta da kekenta. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama, ƙafar ta fi ɗayar siranta da gajarta. Da sanda take tafiya, ta dasa sandar, ta ɗaga ta dama, sannan ta jawo ta hagun a baya. Saboda haka kekenta na hannu ne. Tana zaune a tabarma take juya shi, ƙafar miƙe a gabanta, ta rufe ta da gefen zani.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga ita har Baba ba mai kama sunana. "Uwata" take ce mini. Tun da aka yaye ni kusan a ɗakinta na tashi. Ni ce mai zura mata zare a allura, ni ce mai hura gawayin dutsen guga, ni ce mai tsince ƙyallaye in tara a kwando. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma da faɗa. In na yi laifi, kallona kawai take yi ta saman tabaronta, in ji na rasa inda zan sa kaina.

A unguwarmu an san ta da wani irin ɗinki na 'yan mata. Takan tattare ƙugun siket ƙanana-ƙanana, ta yi masa hawa biyu ko uku, ta yadda in yarinya ta juya sai ya buɗe kamar laima. Ba telan da ya iya shi kamarta. Kafin kowace Sallah, atamfofi da yadika sukan taru a kusurwar ɗakin har su kusa kai taga. Iyaye mata su aiko, su ce a yi wa 'yarsu "tattarar Gwaggo". Ba wanda ya taɓa tambayar inda ta samo ta.

Ni na ga inda ta samo ta, wata rana da damina bayan azahar. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ɗakin ya yi duhu, ɗinki ya gagara. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ƙarƙashin labule. Ta ce in jawo mata akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Ta buɗe, warin kafur ya taso. Can ƙasa, bayan zannuwanta na adana, ta ciro wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ta goge hannunta a zani sau biyu kafin ta kwance.

Takardu ne guda bakwai, masu kauri, sun yi ruwan ƙasa saboda tsufa, da ɗigo-ɗigon tsatsa a gefensu. Ba hoton kamara ba ne, zane ne da aka buga, aka bi shi da launi mara kauri. A kowace takarda akwai Baturiya siririya cikin riga mai shara-shara, siket ɗin ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, ya buɗe hawa-hawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙafafunsu. Ba a tafin ƙafa suke tsaye ba, a kan tsinin yatsa suke, wata ma a kan ƙafa ɗaya tak, ɗayar ta miƙe a baya, kamar iska za ta ɗauke ta. A ƙasan kowane zane akwai rubutun boko siriri mai lanƙwasa, wanda ko da na iya karatun Turanci na kasa gane shi.

Gwaggo ba ta san sunayensu ba, sai ta raɗa musu nata. Akwai Mai Fukafukai, da furanni kewaye da kanta da wasu 'yan fukafukai biyu a gadon bayanta kamar na malam-buɗe-littafi. Akwai Mai Inuwa, wadda ke bakin ruwa tana leƙen inuwarta a ƙasa. Akwai Mai Akuya, riƙe da wani faifai mai 'yan ƙararrawa, da farar akuya a gefenta. Akwai Mai Baƙin Leshi, ita kaɗai ce rigarta ba fara ba, kuma Gwaggo ta ce da ganin idonta ta yi tsiwa. Akwai takardar da mata huɗu suka taru a ciki, uku sun kewaye ɗaya. Sauran biyun na manta kamanninsu, kuma wannan mantuwar ma tana damuna.

"Aljanu ne?" na tambaye ta.

Ta yi dariya, abin da ba ta cika yi ba. "Mutane ne, Uwata. 'Yan rawa ne na ƙasarsu, sun daɗe da mutuwa. Tun kafin a haifi kakan kakanki."

Ranar ta ba ni labarin. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifinsu ya ɗauke ta a motar gyaɗa ya kai ta wani asibiti a Kano, domin a lokacin rarrafe take yi, ba ta iya tsayuwa. Aka yi wa ƙafar aiki, ta yi wata takwas a kwance. Da aka kwance ɗaurin aka ce ta taka, sai ta ƙi. Ciwo ya yi yawa, ta juya fuskarta bango, ta daina cin abinci. Akwai wata Baturiyar nas, dattijuwa, mai 'yar Hausa kaɗan. Ita ce ta zo da waɗannan takardu, ta ce gadon kakarta ne, ta zauna a bakin gado tana nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mata matan nan da take gani, in sun cire takalmi yatsunsu jini suke yi, amma mai zane ba ya zana jinin. Sannan ta kama hannunta ta ɗora a ƙarfen gado, ta ce ta tashi ta yi ɗage da ƙafar mai lafiya, sau ɗaya kawai. Washegari sau biyu. Ranar da aka sallame ta, da sanda ta fito da ƙafarta, nas ɗin kuma ta naɗe takardun ta sa mata a cikin kaya.

"Dubi fuskarta," Gwaggo ta ce, ta ɗora yatsa kusa da Mai Fukafukai ba ta taɓa ta ba. "Ciwo take ji. Amma kin ga alama?"

Daga nan ta koma maganar sana'a. Ta nuna mini yadda aka tattare ƙugun siket ɗin, ta ƙirga mini hawan yadin, ta ce shekara biyu ta yi tana ɓata ƙyalle kafin ta gane yadda aka yi. Da ruwa ya tsagaita ta naɗe su, ta ce, "Wannan tsakanina da ke ne. Mutane ba za su ga abin da muke gani ba. Ƙafa a waje kawai za su gani." Na ce na ji. Har rantsuwa na yi, ba ta ma nema ba.

Bayan wannan, duk ranar da ruwa ya hana aiki mukan buɗe akwatin. Ba ta kulle shi, ban taɓa ganin kwaɗo a jikinsa ba. Kuma sau ɗaya, da hantsi, na ɗaga labule ba sallama na same ta tsaye, ta jingine sanda, ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Tana ɗaga diddigen ƙafarta ta dama a hankali, ta yi ɗage, ta sauke, tana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta gan ni, ba ta tsaya ba sai da ta cika ashirin. Ta ce kullum take yi tun daga Kano, in ta bari ƙafar mai lafiyar ma sai ta sage.

Yanzu sai in faɗi nawa.

Ina aji huɗu aka kawo wata yarinya ajinmu daga Katsina, an yi wa babanta canjin wurin aiki. Tana da jakar makaranta mai zik, tana da 'yar tsana ta roba mai gashi da idon da ke rufewa in an kwantar da ita. Lokacin tara, duk 'yan matan da muke wasa tare sai su kewaye ta a gindin bishiya. Har babbar ƙawata ta koma wajenta. Ni kuwa ba ni da abin nunawa sai 'yar tsanar ƙashi da na yi wa zani da ƙyallen Gwaggo. Rannan zuciya ta ɗebe ni na ce a gidanmu akwai Turawan da suka fi nata kyau, har masu fukafukai. Suka ce ƙarya nake yi. Na ce su jira gobe.

Da safe Gwaggo ta zagaya bayan gida. Tafiyarta a hankali take, na san ina da lokaci. Na jawo akwatin, na zare Mai Fukafukai, na sa ta a tsakiyar littafin lissafi, na mayar da komai yadda yake. Da ta dawo har na gaishe ta, ta ba ni ƙosai biyu a takarda, ta gyara mini ɗaurin ɗankwali. Niyyata in nuna in dawo da ita kafin azahar. Wannan gaskiya ne, amma bai rage komai ba.

Da aka tashi tara na buɗe littafin. Da farko shiru suka yi. Na ga bakin yarinyar Katsina a buɗe, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Bai kai minti ɗaya ba. Wani ɗan aji shida da ke wucewa ya fizge takardar ya ɗaga sama, ya ce, "Kai, ku zo ku ga mace ba zani!" Maza suka taru, aka ɓarke da dariya. 'Yan matan da suka yi shiru ɗazu su ma suka fara rufe baki suna dariya, suna ja da baya daga inda nake. Wata ta ce, "'Yar iska, ina kika samo?" Na ji kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Na ce ba nawa ba ne, na Gwaggona ne.

"Gurguwar nan mai ɗinki?"

Na ce e. Aka sake fashewa da dariya, amma na lura wannan karon ba ni ake yi wa ba. Sai na ƙara. Na ce ai ita ma haka take yi in ta rufe ɗaki. Na kama reshen bishiya, na yi ɗage da ƙafa ɗaya, na karkace baki, na jawo ɗayar ƙafar a ƙasa yadda take jan tata, sannan na zube da gangan. Ban san na iya kwaikwayon tafiyarta haka ba sai ranar. Shekara goma ina bin bayanta, jikina ya haddace ta. Suka ce in sake, na sake. Sau uku na yi. Yarinyar Katsina ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni 'yar tsanarta in riƙe.

Kafin a kaɗa ƙararrawa maza sun yi ta warwason takardar har ta rabu uku. Na tsinci guntu biyu a cikin taɓo, ɗaya mai kai da furanni, ɗaya mai gefen siket. Ƙafar ban same ta ba. A hanyar gida na tsaya a bakin kwata na jefa su, na tsaya har ruwan ya tafi da su. Na shiga gida na ci tuwo. Na zura wa Gwaggo zare.

Magana a unguwa ba ta tafiya yadda aka sake ta. Kwana uku kawai, abin da ya dawo kunnen Umma shi ne, wai telar gidanmu tana ajiye da hotunan matan banza, wai tana rufe ɗaki ta tuɓe tana rawa, wai tana koya wa yarinyar da ke hannunta. Wasu suka ce hotunan aljanu ne, da su take jawo kasuwa. Saura mako biyu Babbar Sallah, kusurwar ɗakin cike da kayan mutane. Sai aka fara aiko yara. "Wai in ji Innata a ba ni atamfarta, ta fasa." Gwaggo ta ɗauko ta ninke ta bayar, ba ta tambayi dalili ba. Wata ma an riga an yanka, aka ce a bayar haka. Ina zaune ina hura gawayi ina kallon tarin yana raguwa. Da yamma muka ji yara a ƙofar gida suna tafi suna cewa gurguwa ta yi ɗage. Umma ta fita da tsintsiya ta kore su. Gwaggo ta ci gaba da juya kekenta.

Baba ya dawo daga Mai'adua da raguna, a masallaci wani dattijo maƙwabcinmu ya ja shi gefe. Bayan la'asar ya zo ƙofar ɗakinta ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma kamar yadda ya saba. Ina cikin ɗakin, ba wanda ya ce in fita.

"Yaya, wata magana na ji a waje. Ban yarda ba, amma na ce gara in ji daga bakinki."

Ta ce, "Uwata, jawo akwatin."

Na jawo. Ta kwance ɗankwalin, ta jera takardun a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Da ta ajiye ta shida hannunta ya koma cikin ɗankwalin, ya laluba, bai sami komai ba. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, sau ɗaya, ba fushi a idon, ba mamaki. Ta ninke ɗankwalin ta ajiye a cinya.

Baba ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki Mai Akuya ya matso da ita kusa da haske, ya ce akuyar ba irin tamu ba ce, ƙahonta daban. Sai ya ce ya tuna su. Yana ƙarami ranar da aka dawo da ita daga Kano, ya tuna yadda ta shigo zaure da ƙafarta, mahaifiyarsu ta faɗi tana kuka, ya kuma tuna ta nuna masa takardun a daren. Ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Sannan ya tambaya, "To wa ya fitar da zancen?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da zare.

"Sakacina ne," in ji Gwaggo. "Na bar su a fili, masu kawo ɗinki suna shiga suna fita."

"Ki mayar da su ki adana, Yaya. Magana ce, za ta wuce."

"Tawa za ta wuce," ta ce. "Ni na tsufa, me za a rage mini? Amma an ce ina lalata maka 'ya. Wannan ba ya wucewa. Zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta."

Ta tattara takardun, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki sanda. Umma ta hura wutar tuwo a murhu, akwai mata biyu 'yan maƙwabta da suka shigo jan ruwa, suka ƙi tafiya. Gwaggo ta zo gabansu ta ce, "Ku duba da kyau, don ku faɗa daidai." Ta nuna musu ɗaya bayan ɗaya, tana gama nunawa tana turawa ƙarƙashin tukunya. Takarda mai kauri ba ta saurin ci. Sai ta yi baƙi daga gefe, ta lanƙwashe, sannan wuta ta kama. Mata huɗun nan su ne na ƙarshe, na ga fararen rigunansu suna komawa ruwan toka. Baba ya ce, "Yaya," sau ɗaya, bai ƙara ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ashe ma da rigunansu."

Na jira duka, na jira faɗa, na jira ko da tambaya. Ba ko ɗaya. Washegari ta kira ni, "Uwata, zo zura mini zare," da muryar da ta saba. Ta ɗinka mini kayan Sallah, ɗinki mai kyau, amma siket ɗin miƙaƙƙe ne. Daga wannan shekarar ba ta sake yi wa kowa tattara ba. Waɗanda suka dawo da ɗinki bayan ƙura ta lafa, kuma da yawa sun dawo, in sun nema sai ta ce idonta ba ya gani. Abu ɗaya ne ya canza tsakanina da ita. Ta aika aka sayo mata ƙaramin kwaɗo ta sa wa akwatin, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ba abin da ya rage a ciki sai zannuwa. Duk sanda ta motsa na ji makullin ya bugi ƙarfen keke, na san da wa yake.

Yara sun yi watanni suna yi mata waƙar in ta fito. Sai ta rage fita. Barka da gaisuwar mutuwa ma sai ta aika Umma. Ban kuma sake ganinta a jikin taga tana ƙirgawa ba, ko da yake na sha ɗaga labule da hantsi da gangan. Cikin 'yan shekaru sanda ɗaya ta daina isarta, aka yi mata ta biyu. Yanzu da na yi karatun jinya na san tsufa ma yana kawo haka, na san masu irin ciwonta da yawa ƙafa takan ci amanarsu daga baya. Na sha faɗa wa kaina wannan. Ban taɓa gamsuwa ba.

Shekara goma sha uku ta yi a raye bayan wannan rana. Na tafi makarantar kwana, ita ta ɗinka mini zanin gado da labulen akwati. Na yi aure, ita ta zauna a kan kayan ɗakina tana lissafa wa mata abin da za a ɗauka. Sau nawa na shirya maganar a hanya, in iso in gaishe ta, in ce bari sai anjima. Ciwonta na ƙarshe da bazara ya zo, zafi ya hana kowa sakat, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya. Na zo daga wajen aikina a Katsina da cikin fari. Ta ce in matsa mata ƙafa. Na ɗora ƙafar hagun a cinyata, ba nauyi, kamar ta yaro. Mu biyu ne kawai, Umma ta shiga wanka. Na buɗe baki, na ce, "Gwaggo." Ta buɗe ido tana jira. Ta jira sosai. Sai na ce, "Ko in kawo miki kunu?" Ta ce to. Ta rasu bayan kwana tara, ina Katsina.

Gidan yana nan, amma an rushe ginin ƙasar an yi na bulo, an cike rijiyar an ja famfo. Inda ɗakinta yake, ɗan ƙanena ya buɗe ƙofa ta waje yana sayar da kati da cajin waya. Yaran unguwar da ke zama a bencinsa suna ganin hotuna ɗari kafin su karya kumallo, na kowace ƙasa, da irin wanda ya dace da wanda bai dace ba, ba wanda ya aika a karɓo atamfa saboda haka. Wani lokaci nakan ce da a yau ne, da ba abin da zai faru. Sai in tuna ba zamani ne ya kama reshen bishiya ya ja ƙafa ba.

A hutun da ya wuce na kwatanta wa babbar 'yata takardun, ita da ke jami'a, ban faɗa mata dalili ba. Ba ta yi minti biyar tana latsa waya ba ta miƙo mini. Ga su nan, har da akuyar. Ta karanta mini cewa shahararrun 'yan rawa ne na Turai kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, sarakuna suna zuwa kallonsu, ana buga zanensu ana sayarwa a kasuwa kamar yadda ake sayar da kalanda. Ta faɗi sunayensu, ban riƙe ko ɗaya ba. Ta ce in ina so za ta kai a buga mini su manya, a sa a gilashi. Sai na ba ta labarin duka, ita ce mutum ta farko da ta ji shi daga bakina. Ta kalle ni irin kallon da 'ya ba ta saba yi wa uwa ba.

"To Mama, da kika ba ta haƙuri me ta ce?"

Na ce ban ba ta ba.

"Ko sau ɗaya?"

Na ce ko sau ɗaya. Ta ajiye wayar a kife a kan tabarma, ba ta sake maganar gilashi ba. Muka zauna haka har aka kira la'asar, sannan na tashi na yi alwala, na yi wa Gwaggo addu'a kamar kullum. Addu'ar ba ta yi mini wuya. Ita ba a duban idon mutum ake yin ta ba.